AIKI DAGA NESA: TA ƘAƘA AKE RIƘON MA'AIKACIN DA IDO BA YA GANI?

Takeita, jahar Damagaram

Duk matafiyin da ya taso daga Yamai ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, bayan ya wuce Maraɗi da Tasawa zai iso Takeita, inda ya rage masa kilomita wajen 50 ya shiga birnin Damagaram. A nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta miƙe zuwa Damagaram da Difa, ɗaya ta karya kudu ta bi Kance da Matamai har bakin iyakar Nijeriya, ta nufi Daura da Kano. A shekarar 2011, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasa daga 36 zuwa 63, aka cire Takeita daga Mirya, ta zama gunduma mai perefe nata, da ƙananan hukumomi uku, watau Garagumsa, Tirmini da Dakusa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutanen gundumar sun kusa 250,000, galibinsu manoma da makiyaya masu zaune a ƙauyuka da rugage.

A cikin waɗannan ƙauyuka akwai ma'aikatan ƙasa da dama: malamin lakol, malamin asibiti, malamin gona, ma'aikacin gandun daji, da malamin yaƙi da jahilci. Kowannensu yana da shugaba, amma shugaban ba ya ganinsa. Na kusa yana Takeita, na bisansa yana Damagaram, ma'aikatar minista kuwa tana Yamai, tafiyar fiye da kilomita 800. Saboda haka abin da ƙasashen Turai suka yi ta mahawara a kansa tun annobar 2020, wanda suke kira aiki daga nesa, tsohon zance ne a karkarar Nijar. Kuma ba ma'aikata kaɗai ya shafa ba. Yaron da ya yi sammako ya tarar da aji a rufe, da mai cikin da aka ɗauko bisa amalanke ta iske ɗakin shan magani ba kowa, su ne ke biyan kuɗin rashin tsari.

MA'ANAR AIKI DAGA NESA

Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Jack Nilles shi ne ya raɗa wa wannan tsari suna a shekarar 1973, lokacin da man fetur ya yi tsada a duniya. Tunaninsa shi ne, maimakon ma'aikaci ya ƙona mai kullum zuwa biro, a kai masa aikin inda yake ta hanyar waya. A wancan zamani na'urori ba su kai ba, sai bayan da kwamfuta da intanet suka yaɗu sa'an nan maganarsa ta tabbata.

Aikin nan iri biyu ne. Akwai ma'aikacin da ke da tebur a biro, amma aka yarje masa ya yi aikinsa a gida ko a wani gari, kamar akawu, mai fassara, mai lissafin kuɗi ko mai zanen gini. Akwai kuma wanda aikinsa tun asali yana nesa da shugabansa, kamar malamin ƙauye. Na farko bai yawaita ba a ƙasar nan, na biyu kuwa shi ne mafi rinjaye. Amma matsalarsu ɗaya ce. Shugaban da ya saba auna aiki da ganin mutum zaune bisa kujera tun safe, in aka ɗauke masa wannan gani sai ya rasa ma'auni. Ma'aikacin shi ma, in ya ga ba mai tambayarsa, ba mai yaba masa, ba mai jin kukansa, a hankali sai jikinsa ya yi sanyi.

JAKADUN DA

Magabata na da sun san wannan matsala. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, ikon Birni ya kai garuruwa masu nisan kwana da kwanaki bisa doki. Tsarin sarautar ya yi kama da na Barno: manyan fadawa suna zaune kusa da sarki, garuruwan da ke hannunsu suna can nesa, manzanni ke kai umurni su komo da haraji da labari. Malaman fada suna rubuta wasiƙu da Larabci, a buga hatimi, domin wanda aka aika wa ya tabbata maganar daga sarki take. Fatake ma haka suke yi. Attajiran Gadamas da na Tarabulus suna da wakilai a Damagaram da Kano, waɗanda sukan yi shekaru ba su ga iyayen gidansu ba, amma kowane ayari yana ɗauke da wasiƙa mai lissafin abin da aka saya, da abin da aka sayar, da bashin da ya rage.

Tsarin ya yi aiki, sai dai yana da rauni guda babba: labari duka ta baki ɗaya yake bi. In jakada ya so, ya ƙara. In ya so, ya rage. Talaka ba shi da wata hanya ta isar da kukansa. A ƙasar Kano, inda hakimai ke zaune cikin birni suna mulki ta hannun jakadu, wannan yana cikin dalilan da suka sa Turawan Ingila, a farkon mulkinsu, suka tilasta wa kowane hakimi ya koma ya zauna cikin gundumarsa. Darasin bai tsufa ba. Shugaban da ke jin labarin ƙauye daga mutum ɗaya tak, ko da ta salula ne, bai wuce matsayin mai jiran jakada ba.

DAGA TANGARAHO ZUWA REDIYO

Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899, suka mai da ita hedkwatar yankin daga 1911, kafin su ɗauke ta zuwa Yamai a 1926. Tun daga ranar nan jahar ta zama mai karɓar umurni daga nesa. Makaman kwamandan biyu ne: wayar tangaraho da rangadi. Umurni yana saukowa da sauri ta waya, amma labarin talaka ba ya hawa sai ranar da kwamanda ya fito rangadi, shi ma ta bakin tafinta.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, Nijar ta gwada dabaru biyu da suka ja hankalin duniya. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Jama'a sukan taru su saurari shiri a kan noma, ko lafiya, ko haraji, sa'an nan mai jagorantar zaman ya ɗauki muryoyinsu a faifai ya aika Yamai, a sa su cikin shiri na gaba. Manomi ya ji muryar ɗan'uwansa manomi a akwatin rediyo, ya san magana tana zuwa tana kuma komowa. A 1964 kuma aka soma gwajin karatu ta talabijin, inda ƙwararru ke shirya darasi a Yamai, a watsa shi zuwa azuzuwa, wani mai sa ido da bai yi dogon karatu ba yana riƙe da yaran. Shirin ya burge masu bincike, amma tsadarsa da wahalar gyaran na'urori sun hana shi game ƙasa. Abin lura a nan shi ne, dabarar da ta ba na ƙasa bakin magana ta fi shiga zuciyar jama'a, kuma kuɗinta bai kai na ɗayar ba.

GWAJIN DA AKA YI DA SALULA

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. 'Yan kasuwa ne suka fara cin moriyarta. Wata malamar jami'ar Tufts ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar nan daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda salula ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili yake: ɗan kasuwa ba sai ya hau mota ya je ya gani ba, yana daga rumfarsa yake tambayar yaronsa nawa tiyar gero a can.

Wannan ya sa aka yi tunanin ko abin da ya yi wa ɗan kasuwa amfani zai yi wa hukuma. Daga shekarar 2014, malamar da abokin aikinta Christopher Ksoll, tare da ƙungiyar agaji ta CRS, suka yi gwaji a ƙauyuka sama da 130 na jahohin Maraɗi da Damagaram, inda ake koyar da manya karatu da lissafi. Malaman waɗannan azuzuwa mutanen karkara ne masu ɗan ilimi, alawus ɗinsu kaɗan ne, masu duba su kuma ba su cika zuwa ba saboda nisa da tsadar mai. Aka raba ƙauyukan biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka bar su yadda aka saba. Kashi na biyu kuwa aka riƙa buga waya kowane mako ga mutum huɗu: malamin, da mai gari, da ɗalibai biyu. Tambayoyin ba su da wuya: an yi karatu a makon da ya wuce? Kwana nawa? Mutum nawa suka zo? In ba a yi ba, mene ne dalili? Akwai wani abin da ake so a faɗa?

Ba a yi wa malamin alkawarin ƙarin ko dala ɗaya ba, ba a kuma ce za a yanke masa alawus ba. Duk da haka, da aka yi jarrabawa a ƙarshen shekarar farko, ɗaliban ƙauyukan da ake kira sun fi sauran a karatu da lissafi, kuma bambancin ya fi fitowa a yankin da dā can sa ido ya fi rauni.

Ya kamata duk shugaban ma'aikata ya tsaya ya yi nazarin wannan sakamako, domin akwai abubuwa da yawa a cikinsa. Da farko, kiran yana zuwa a kan lokaci, malamin ya san da zuwansa, saboda haka yana shirya makonsa da sanin za a tambaye shi. Na biyu, ba malamin kaɗai ake tambaya ba. In ya ce an yi kwana biyar, ɗaliba ta ce uku, gaskiya za ta fito ba tare da an tura kowa ba. An toshe ƙofar da jakadun da ke bi. Na uku, shigar mai gari cikin zancen ta mai da ajin abin garin, ba abin baƙi ba, kuma kunyar idon mai gari ta fi tsoron takardar gargaɗi ƙarfi a ƙauye. Na huɗu, tambaya ta ƙarshe ta buɗe wa malamin ƙofa ya faɗi nasa: alli ya ƙare, iska ta ɗauke rumfar, alawus ya makara. Mutumin da ake kiransa da sunansa kowane mako daga birni yana jin aikinsa yana da daraja. Masu binciken da kansu sun danganta sakamakon da ƙarin husa'a da ƙwarin gwiwa daga wajen malamai da ɗalibai.

Kuɗin wannan duka bai wuce na katin waya da ladan mai bugawa ba, alhali fita rangadi guda da mota tana cin man da ya ninka haka sau da yawa.

DARASIN DAJIN TAKEITA

Akwai wani misali a Takeita kanta, wanda ba na waya ba ne, amma ya shafi tushen maganar. Gandun dajin Takeita, mai faɗin hekta 6,720, hukuma ta keɓe shi tun zamanin Turawa. Shekaru da dama ana tsaronsa daga nesa, da ma'aikata 'yan kaɗan waɗanda ba su iya game shi. Sakamakon haka kowa ya sani: aka yi ta sara, ana shiga da gonaki, dajin ya kama hanyar ƙarewa, domin a idon jama'a kayan gwamnati ne, ba na kowa ba.

Daga 1995 zuwa 2000 aka gudanar da wani porje tsakanin ma'aikatar kula da muhalli da ƙungiyar SOS Sahel ta Ingila. Aka tara manoman ƙauyukan kewaye da makiyaya, har da masu zuwa da dabbobi lokaci lokaci, suka zauna suka tsara dokokin amfani da dajin, suka kafa ƙungiya mai suna Ku Tayani, suka zaɓi wakilansu. Hukuma ta riƙe ikon duba aiki, ta bar musu gudanarwa ta yau da kullum. Rahoton da aka buga a kan aikin a 2000 an sa masa suna da karin maganar nan, hannu biyu ke cuɗa juna.

Abin da dajin ke koyarwa shi ne, wanda ke nesa ba zai iya yanke kowace ƙaramar shawara ba. Tilas ya bar wa na kusa wani iko, amma a bayyana iyakar ikon a rubuce, a kuma san ranar da za a zo a yi lissafi. Shugaban da ya tura ma'aikaci ƙauye, sa'an nan ya ce ko kujera ba zai gyara ba sai da izini daga birni, ya ɗaure shi ne ya ce ya yi gudu.

ABIN DA ANNOBA TA TONA

Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijar. Aka rufe makarantu da iyakoki, aka hana manyan taruka, aka killace birnin Yamai na wani lokaci. Ma'aikatu da ƙungiyoyi da yawa suka wayi gari ba su iya tura mota jaha, sai suka koma ga waya, da WhatsApp, da taro ta bidiyo. Waɗanda dā ma ke da jerin lambobin ma'aikatansu da tsarin karɓar rahoto sun ci gaba da aiki. Waɗanda komai nasu ke cikin takardu a kabad, sai aikinsu ya tsaya cik.

A waje an auna wannan al'amari da kyau tun kafin annobar. Wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin mai suna Ctrip, tare da malamin jami'ar Stanford Nicholas Bloom, ya yi gwaji na wata tara a kan masu amsa waya: wasu suna aiki a gida kwana huɗu a mako, wasu suna biro kullum. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna na gida sun ƙara yawan aiki da kashi 13 cikin 100, masu ajiye aiki a cikinsu kuma sun ragu da rabi. Amma an ga illa biyu. Ƙarin girma ya yi musu wuya ko da aikinsu ya yi kyau, domin ba a ganinsu. Kuma da aka ba su zaɓi bayan gwajin, kimanin rabinsu sun roƙi komawa biro saboda kaɗaici. Wani gwaji na biyu a kamfanin, a kan ma'aikata 1,612, wanda aka buga a 2024, ya nuna cewa kwana biyu a gida da uku a biro bai rage ingancin aiki ba, ya kuma rage masu barin aiki da kashi ɗaya cikin uku.

Kukan ma'aikacin birnin Shangai ke nan, kuma shi ne kukan malamin ƙauyen Tirmini: wanda ke kusa da shugaba ya fi samun girma, na nesa an manta da shi.

SHINGAYEN DA KE GABA

Ba a aiki daga nesa sai da wuta da hanyar sadarwa. A shekarar 2022, kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Jahohin Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna shan wuta ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Da aka katse wutar Nijeriya a farkon watan Agusta na 2023, har zuwa watan Maris na 2024, an ga yadda birorin da suka dogara ga kwamfuta suka koma jiran janareta. A ƙauye kuwa, ma'aikaci yakan biya kuɗi a rumfar mai cajin waya, wani lokaci ya hau tudu neman inda kira zai shiga.

Akwai ci gaba duk da haka. Kamfanonin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom suna aiki a ƙasar. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin kai sadarwa ƙauyuka. A 2025 kuma intanet ta tauraron ɗan adam ta kamfanin Starlink ta soma aiki bisa izinin hukuma. Faifan hasken rana ya yi araha fiye da dā. Amma kada a ruɗu da na'ura. Gwajin 2014 da ƙaramar salula mai madannai aka yi shi, irin wadda ke aljihun kowane mai gari.

Akwai wani shinge kuma da ba a cika faɗa a fili ba. Taron bita da ake kira birni yana zuwa da kuɗin mota da na kwana, waɗanda ga ƙaramin ma'aikaci wani ɓangare ne na abin da yake riƙe gida da shi. In aka mai da taron na waya, an yi wa baitulmali tattali, amma an taɓa aljihunsa. Shugaban da bai yi la'akari da wannan ba zai yi mamakin yadda sabon tsari ke ta samun cikas ba tare da kowa ya ce ba ya so ba. Maganinsa shi ne a mai da wani kaso na kuɗin da aka tsimi ga waɗanda ke zaune a bakin aikinsu.

ABIN DA YA KAMATA SHUGABA YA YI

Na farko, a tantance aikin da ke yiwuwa daga nesa da wanda ba ya yiwuwa. Fassara, lissafi, rubuta rahoto da tsara jadawali ana iya yinsu a ko'ina; mai fassara yana iya zama a Damagaram yana yi wa ma'aikata a Yamai aiki. Allura, karɓar haihuwa da koyar da yara ƙanana kuwa sai mutum da jikinsa. Ga irin waɗannan, shugabanci ne ke zuwa daga nesa, aikin yana nan a wurinsa.

Na biyu, a rubuta abin da ake jira daga ma'aikaci, da ranar da ake jiransa, a takarda ɗaya da shi da shugaba za su sa wa hannu. A auna shi da abin da ya fito daga hannunsa: kwanakin da aka yi karatu, yaran da aka yi wa rigakafi, shafukan da aka fassara. Amma a yi hattara da ma'auni guda, domin wanda aka ce lamba kaɗai ake so daga gare shi zai koyi ƙera lamba.

Na uku, a tsai da ranar kira, kada a saɓa. A tambayi fiye da baki ɗaya, kuma ma'aikacin ya san ana tambayar wasu. Abin da aka yi a ɓoye leƙen asiri ne, yana kashe amana.

Na huɗu, duk rahoton da ya hau a mayar da amsarsa. Malamin da ya faɗi sau uku cewa rufin aji ya yaye bai ji komai ba, a karo na huɗu zai ce lafiya lau, daga nan kuma shugaba ya makance.

Na biyar, kayan aiki na ma'aikata ne. Katin waya, caji da gyaran na'ura kada su fito daga albashin ma'aikaci. Yarjejeniya mai lamba 177 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1996, ta tsaya a kan cewa mai aiki a gida a yi masa adalci daidai da sauran ma'aikata. Haka kuma a nemi hanyar da haƙƙinsa zai iske shi inda yake, domin duk ranar da malami ya tafi birni bin albashi, rana ce da aji ke rufe.

Na shida, a san lokacin hutu. Salula ta sa shugaba yana iya shiga gidan ma'aikaci da tsakar dare. A Faransa, tun ranar 1 ga Janairu na 2017, doka ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin kashe waya bayan an tashi aiki. Ko ba doka, mutunci ya isa ya hana kiran da ba na gaggawa ba bayan sallar isha'i.

Na bakwai, a kiyaye sirri. Sunayen marasa lafiya, sakamakon jarrabawa da takardun kuɗi ba abin jefawa cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari ba ne, kuma wayar da ke ɗauke da su takan kwana a rumfar mai caji.

Na takwas, waya ba ta soke rangadi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kira yana rage yawan fita, yana kuma nuna wa shugaba inda ya fi kamata ya dosa da ɗan man da yake da shi, amma ko sau ɗaya a wata uku ya kamata ya taka ƙafarsa, ya zauna cikin aji, ya gaisa da mai gari, ya ci abinci da ma'aikacinsa. Lokacin ƙarin girma kuma a buɗe littafin aiki, kada a tsaya ga fuskokin da aka saba gani a baranda.

Gunduma irin Takeita ba ta buƙatar jiran wani babban porje kafin ta soma. Jerin lambobin malamai da na masu gari, littafi guda na rubuta amsoshi, da mutum ɗaya amintacce da zai zauna ya buga waya kowace Alhamis, sun isa a fara da makarantu goma. In shekara ta zagayo, a gwada sakamakonsu da na sauran, a kai wa magabatan jaha abin da aka gani. Nisa tsakanin Yamai da Garagumsa ba zai ragu ba, amma yaron da ya yi sammako yana da haƙƙin ya tarar da malaminsa a aji, malamin kuma yana da haƙƙin a san yana nan.